Wuni ɗaya a Maraɗi: yadda na zaga garin da abin da zan gyara in na koma

Asalin tafiyata Yamai ce, ɗaurin auren 'yar ƙanwar mahaifiyata, Maraɗi kuwa hanya ce kawai. Amma Kawu, wanda ya haura shekara 30 yana zaune can yana harkar aya da wake, ya ce ba zai yarda in wuce ƙofar gidansa ba sai na kwana biyu. Haka na samu wuni guda cif, ranar Litinin, babu aikin komai sai yawon buɗe ido. Tun da na dawo mutane da dama suka tambaye ni yadda ake shiga da abin da ake gani, shi ya sa na ga gara in rubuta shi daki-daki, har da wuraren da na yi tuntuɓe, don mai zuwa bayana ya huta.

Na bar Kano ranar Lahadi bayan asuba, hantsi ya yi mini a Katsina, daga nan na shiga motar da ke zuwa Maraɗi ta Jibiya. A gefen hanya mun riƙa hango aikin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. A Magama aka sauke mu aka buga mana hatimin fita, muka sake shiga mota, a Ɗan Isa kuma aka sake sauke mu don hatimin shiga. Takardu biyu aka nema a hannuna: fasfo, da katin rigakafin cutar shawara, wanda su a can suke kira karne. An tambaye ni inda za ni, wurin wa zan sauka, da kwana nawa zan yi. Na riga na rubuta lambar Kawu da sunan unguwarsa a takarda na sa cikin fasfon, sai abin ya zo mini da sauƙi. Wani bawan Allah da ke motarmu ba shi da karne, kuma jiransa ya sa muka ƙara kusan rabin awa. Tsakanin ɓangarorin biyu mun ci awa biyu ko fiye. Ban ji haushi ba, don iyakar nan a rufe take tun daga watan Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025. Wanda ya ce maka shi da katin makaranta ya shiga shekara goma da suka wuce, gaskiyarsa ce, amma ba ita za ta wuce da kai yau ba.

A nan bakin iyaka na yi kuskure na farko. Na canza nairata wurin 'yan canji, aka miƙo mini sababbin takardun sefa na jaka goma-goma, wato sefa 10,000 kowace, na ji daɗin ƙanƙantarsu a aljihu, ban nemi a fasa mini ko ɗaya ba. Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Layin wayata na Najeriya ya ɗauke tun muna barin Ɗan Isa, sai da direba ya ara mini tasa na kira gida aka zo aka ɗauke ni.

Kawu ya haɗa ni da ɗansa, saurayi ne da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya ce masa: “Ga yayanka nan, ka tahi da shi duk inda yake so, amma magariba ta yi muku cikin gari.” Na ji wannan sharaɗi, ban ba shi muhimmancin da ya kamata ba sai da rana ta karkata.

Da sassafe muka fita ƙofar gida shan koko. Sanyin hunturu ne, hazo ya lulluɓe titi. Na sha koko da ƙosai, na tambayi dattijuwar da ke suya nawa ne kuɗinta, ta ce hamsin. Na ari tsabar da aka rubuta 50 a jikinta daga hannun ƙanena na miƙa mata. Ta juya ta, ta dube ni da murmushi ta ce: “Ɗana, wagga ai dala goma ce. Baƙo ne kai ko?” A nan aka zaunar da ni aka karanta mini darasin da ya fi kowane amfani a wannan tafiya. Mutanen Nijar ba sa ƙirga kuɗi da lambar da ke rubuce a jikinsa, da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In aka ce maka ashirin, sefa 100 ake nufi. Arba'in 200 ce, hamsin 250, ɗari kuma 500. Daga nan sai jaka, wasu su ce jikka, ita ce 1,000. Ɗari da hamsin 750 ke nan. Dabarar ita ce duk adadin da ka ji a bakin mai saye da sayarwa, in bai kai jaka ba, ka ninka shi sau biyar. Abin da ke rikita ɗan Najeriya shi ne da Hausa ake gaya masa, kalmomin ya san su tun yana yaro, saboda haka ba ya zargin akwai abin da bai gane ba. Da da Faransanci aka gaya mini, da na tsaya na tambaya.

Kafin yawo sai muka kawar da ayyuka biyu. Na farko layin waya. Mun je wani shagon kamfanin sadarwa, aka karɓi fasfona aka yi rajista da shi, aka ɗauki hotona, na jira wajen minti 25 kafin layin ya tashi. Layin da 'yar data sun ci mini jaka biyu. A nan ne jaka gomar tawa ta fara zame mini kaya, don sai da yaron shagon ya zaga maƙwabta uku kafin ya haɗo canji. Na biyu tikitin motar Yamai, wanda suke kira biye. Manyan motocin safa na Nijar ba irin na tashoshinmu ba ne da ake jira sai sun cika. Kowane kamfani da tasharsa, da lokacin tashinsa, kuma tun ana gobe ake yankar biye. Na bi layi na wajen minti 20, na ba da fasfo aka rubuta sunana, na biya jaka goma da ɗoriya, aka ce in zo ƙarfe huɗu na asuba don a auna kaya a liƙa musu lamba. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya haura kilomita 600, tafiyar wuni ce. Rubutun da ke jikin biyen da allunan bango duk Faransanci ne, amma magana daga farko har ƙarshe da Hausa muka yi. Ƙanena ya tuna mini cewa tun a 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ƙarfe tara ta gota muka tare 'yan kabu-kabu biyu. Na ce wa nawa ya kai ni fada. Ya waiwayo ya ce: “Wace fada, Malam?” Ashe a Nijar duk majalisar da samari ke zama suna dafa shayi ita ma fada ce, kowace unguwa da nata. In gidan sarauta kake nufi, ka ce gidan Sarki. Arba'in ya karɓa, wato sefa 200.

Gidan Sarkin Katsinan Maraɗi yana fuskantar wani fili mai faɗi, fuskar ginin da zane-zane masu launi irin na magina Hausawa. Na ciro waya zan ɗauki hoto, ƙanena ya dafa hannuna ya ce a fara gaisuwa tukuna. Muka je wurin dogaran da ke ƙofa, muka cire takalma, muka durƙusa muka gaishe su. Ya gabatar da ni ya ce: “Yayana ne daga Kano, mushe ne, ya zo ganin gari.” Gabana ya faɗi da jin kalmar, sai daga baya ya fahimtar da ni cewa haka suke kiran malamin makarantar boko, daga Faransanci aka aro ta, kuma girmamawa ce. Aka nuna mana tabarma a inuwa aka ce mu jira. Mun zauna kusan minti 40. Ana ta shiga da fita, masu ƙara da masu gaisuwa, wasu da rawani wasu da kayan gona a jikinsu. Ranar ba mu samu ganin Sarki ba, domin akwai baƙin da aka riga aka sa wa lokaci. Wanda ke son shiga gaisuwa sai ya sa wani ɗan gari ya yi masa iso tun kafin ranar. Amma jiran bai tafi a banza ba. Wani dattijo cikin fadawa ya ji an ce mahaifiyata Bakatsiniya ce, sai ya gyara zama ya ce: “To ai gida ka zo.”

Abin da ya ba ni na taɓa karanta shi a littafin tarihi, amma ban taɓa jin sa daga wannan ɓangaren ba. A makaranta an koya mana cewa jihadi ya ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya karɓi mulki, daga nan labarin sarakunan Haɓe ya ƙare. A nan kuwa daga wurin labarin yake farawa. Zuriyar Korau ta fita daga birni, Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya bi ta Damagaram, daga bisani wajen 1819 ya zauna a Maraɗi ya kafa sarautar da har yau ake kira Katsinar Maraɗi. Suka taho da sarautunsu gaba ɗaya, Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Dattijon ya ambaci yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi galaba, Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. Da ya zo kan Ɗan Baskore da Kaura Hasau sai muryarsa ta canza, kamar jiya suka fita daga zauren nan. Na zauna ina jin wani abu a ƙirjina. Na taso ina ɗaukan mutanen nan a matsayin waɗanda aka kora, ga ni a gaban jikokinsu, su kuwa suna kallon kansu a matsayin masu gidan da suka riƙe sarautarsu shekara ɗari biyu ba ta yanke ba. Ba sai ka ɗauki ɓangare ba kafin ka amfana da jin wannan. Da za mu tashi na ba dattijon jaka ɗaya na goro, na ba dogarai jaka ɗaya. Babu wanda ya roƙe ni, babu kuma kuɗin shiga, al'ada ce kawai. Sannan na nemi izinin hoto, aka ce in ɗauki fuskar ginin daga waje.

Daga nan muka taka a ƙasa ta tsofaffin unguwanni, irin su 'Yanɗaka da Limanci da Bagalam, har muka kai inda tudu ya ƙare, ƙasa ta gangara zuwa fadamar Gulbin Maraɗi. Wannan wuri ban sa shi cikin lissafina ba, kuma ya fi wasu da na sa. Asalin garin a can ƙasa yake, cikin kwari. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, Turawan Faransa suka mayar da mutane kan tudu, suka yanka musu tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Shi ya sa baƙo zai yi mamakin garin da ke da tarihi haka amma babu lunguna masu murɗiya irin na cikin birnin Kano ko Zariya. Gulbin kansa daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ya yi baka, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne zalla, amma gefensa kore shar da mangwaro da lambuna.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ƙanena ya ce mu wuce Madarunfa kai tsaye. Na ce a'a, tunda yau Litinin ce, kuma Litinin da Juma'a su ne manyan ranakun cin kasuwar Maraɗi, mu leƙa na rabin awa. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma shi ya fi tsada. Babu mai shiga babbar kasuwar Maraɗi ran kasuwa ya fito cikin rabin awa. Mun bi layin 'yan hatsi, na ga aya buhu-buhu, ƙanana da manya, wadda jihar ta yi suna wajen nomanta, kuma yawancinta kudu take yi zuwa kasuwanninmu. Wani abokin cinikin Kawu ya gane ƙanena ya tsare mu da shayi. Shi ya ba ni labarin yadda gyaɗa ta gina garin a shekarun 1950 da 1960, yadda farin shekarun 1970 ya karya nomanta, da yadda Alhazan Maraɗi suka juya ga fataucin kaya tsakaninsu da Katsina da Kano. A wurin dukawa na tsaya kan takalma da jakunkuna na fatar jar akuyar Maraɗi, wadda masu sana'ar fata suka san ta har ƙasashen Turai saboda laushinta. An yi mini kuɗin takalmi jaka shida, muka daidaita a huɗu da rabi. Ciniki a nan a natse ake yinsa, ba a ɗaga murya, kuma in ka taya aka sallama to ka saya. Wasu 'yan kasuwar suna karɓar naira, amma da nasu lissafin, wanda ba zai yi maka daɗi kamar na ɗan canji ba. Ina duba agogo sai na ga ɗaya da kwata.

Muka yi azahar a masallacin da ke kusa, muka sha hura, kamar yadda suke faɗi, mai kauri da nono mai kyau, sittin-sittin. Ƙarfe biyu muna tashar motocin Madarunfa. Waɗannan kam irin namu ne, sai sun cika. Mun tarar da mutum uku a ciki, muka zama biyar, aka tsaya jiran sauran. Minti 20, minti 40, rana tana tafiya ina kallo. A nan na fara jin zafin abin da na yi a kasuwa. Ƙanena bai ce mini komai ba, shirunsa ya fi magana nauyi. Da muka kusa cika awa ɗaya na biya kuɗin kujerar da ta rage muka tashi. Ni da shi da kujerar banza, jaka biyu da 'yan kai.

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 25. Mun wuce ta yankin Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan famfo, zogale layi-layi har inda ido ya tsaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanya shi ne yawan itatuwa cikin gonaki, gawo da kalgo da aduwa, a ƙasar da nake zaton hamada ta gama da ita. Wani manomi da ke kusa da ni ya ce sassaben zamani ne: maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a bar shi, a sassabe sauran. A jihar Maraɗi aka fara yaɗa wannan dabara a shekarun 1980, kuma daga nan ta bazu zuwa wasu ƙasashe. An tsayar da mu sau ɗaya a shingen jandarmomi, aka duba takardun kowa. Da na bar fasfona a gida, kamar yadda na so yi da safe don tsoron ɓacewa, da a nan tafiyar ta tsaya.

Mun isa ana kiran la'asar. Bayan salla ƙanena ya nemo wani dattijo cikin masu kula da kaburbura, domin ba wurin da baƙo zai kutsa shi kaɗai ba ne. Tabkin Madarunfa ya fi yadda na zata girma. Ruwa ne shimfiɗe, gefensa manyan itatuwa, fararen tsuntsaye suna sauka suna tashi, masunta a kwalekwale suna duba komarsu. Kewaye da shi ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, musamman lokacin Mauludi. Kada ka zo da tunanin za ka gan su jere a wuri ɗaya. A warwatse suke, wasu bakin ruwa wasu cikin gonaki, kuma ba gine-gine ne masu ƙawa ba. Dogayen kaburbura ne da aka kewaye da ɗan gini, shiru ya lulluɓe su. Dattijon ya ce mutanen garin suna ba da labarin haske da ake gani a kansu a wasu darare. Na saurare shi da ladabi. Kowa da fahimtarsa a kan irin wannan, amma sallama ga mamata da yi musu addu'a ba abin jayayya ba ne, kuma ita na yi. Tun 2006 wurin yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, tabkin da dajin da kaburburan a haɗe.

Uku kacal muka samu ziyarta. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale ya ɗan zaga da mu na minti 15, na ba shi jaka ɗaya da rabi. A tsakiyar ruwan, da iska mai sanyi da kukan tsuntsaye, na ji da ma a ce tun hantsi nake nan. Mata suna suyar karfasa da tarwaɗa a bakin hanya, ƙamshi ya cika wurin, amma sai a leda muka ƙunsa, don ƙanena ya dubi rana ya ce: “Yaya, mu tahi. Baba ya ce magariba cikin gari.” Sharaɗin Kawu ba tsoro ne na banza ba. Ƙauyukan da ke kudancin Madarunfa, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, kuma da yamma motocin komawa suna ƙaranci. Na ba dattijon jaka ɗaya sadaka, muka yi sauri zuwa tasha. Allah Ya taimake mu muka samu mota saura mutum biyu. Awa ɗaya da 'yan mintuna, ita ce duk rabona da wurin da ya fi kowane cancantar wuni.

Ana kiran magariba muna shiga gari. A hanyar gida muka bi ta gaban filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin kokawar ƙasa a 1975. A rufe yake, daga waje na gan shi. Tsibirin Gobir kuwa, wanda ke 'yar tafiya kaɗan arewa maso yamma da gari, inda Gobirawa suka kafa sabuwar fadarsu bayan Gawakuke, ko hanyarsa ban taka ba, alhali yana cikin abin da na fi ƙwallafa rai a kai. Bayan isha ƙanena ya kai ni fadarsu, ta samari wannan karon. Aka dafa shayi zagaye uku a kan gawayi, na sayi kilishi na jaka uku na tsaraba, aka yi ta muhawara kan farashin sefa da naira da ranar da jirgin ƙasa zai iso.

Da na kwanta na yi lissafi. Ban da biyen Yamai da tsaraba, abin da yawon ya ci, da layin waya da kabu-kabu da motar Madarunfa da abinci da goro, mu biyu, bai wuce jaka goma sha biyu ba. Kuɗi ba su ne matsala ba, tsarin lokaci ne. In zan sake, ga yadda zan yi. Tun a bakin iyaka zan sa ɗan canji ya ba ni rabin kuɗin a ƙananan takardu, 'yan ɗari da 'yan jaka ɗaya, da tsaba, kuma in duba kada a haɗa mini da yagaggu don wasu ba sa karɓa. Layin waya da biye zan gama da su ranar da na sauka, ba ranar yawo ba, domin sun cinye mini sanyin safiya. Zan kasance a gidan Sarki ƙarfe takwas da rabi, in leƙa bakin gulbi, ƙarfe goma in kama hanyar Madarunfa, in yi azahar a can in ci kifi a zaune. In da hali zan ɗauki shatar mota zuwa da dawowa, don abin da za ka ƙara bai kai awar da za ka zubar a tasha ba. Da la'asar sai Tsibiri, tunda kusa ne. Kasuwa ita ce ta ƙarshe, domin tana cikin gari, ko rabin awa ka samu kafin a fara rufe rumfuna ka sayi abin da za ka saya, in kuma ba ka samu ba aya da kilishi ba sa ƙarewa a bakin titi.

Fasfo da karne su kasance a jikinka duk inda za ka, ba a cikin jaka a masauki ba. Kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko gaban ginin gwamnati, kuma ko mutum ne a kasuwa ka tambaye shi kafin ka ɗauke shi. Kafin ka fita bayan gari ka tambayi mai masaukinka halin da hanya take ciki a wannan makon, ka kuma bi abin da ya ce ko da bai yi maka bayani ba. In ba ka da kowa a garin, ka roƙi masu masaukin da ka sauka su haɗa ka da wanda suka sani. A gidan Sarki da Madarunfa duka, ba don ƙanena ba da daga nesa zan tsaya in kalla in juyo.

Ƙarfe huɗu saura Kawu da kansa ya kai ni tasha. Aka auna jakata aka liƙa mata lamba, muka yi asuba a harabar tashar, aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da zan hau ya riƙe hannuna ya ce: “In ka komo daga Yamai ka biyo ta nan. Tsibiri na nan, ni da kaina zan kai ka.” Na ce masa in Allah Ya yarda, aka kira sunana na shiga.